Ashirin da Ɗaya a Ƙasan Sifili

Ranar Laraba da hantsi, wata mai kiwon awaki ta tarar da gawar Muntari a cikin busasshiyar ƙorama, kilomita talatin arewa da Tamanrasset, ba nisa da kwalta. Shekararsa ashirin da huɗu. Mutumin Kance ne ta ƙasar Damagaram, leburan gini, ba shi da takardun zama. Ƙugunsa a karye yake, ƙeyarsa a fashe. A aljihunsa an sami busasshen ɓaure guda shida. Ba a sami wayarsa ba.

Jandarma suka kai gawar asibiti, suka aika wa Malam Sulaiman ya zo ya shaida ta. Shi ne mai makarantar allo a unguwar Sersouf, kuma gabansa 'yan Nijar na unguwar ke kai duk abin da ya fi ƙarfinsu. Malam ya tafi tare da Muhammad Kabir, ɗan kwangilar gini, wanda yake da takardu kuma yake jin Larabcin buro, wato ofishin hukuma. Shi ke yi wa unguwa tafinta.

Kafin su dawo, Sersouf ta riga ta gama shari'a. Kowa ya san Khamisu, abokin ɗakin Muntari, ya yi faɗa da shi ranar Asabar a bakin titin da leburori ke jiran a ɗauke su aiki. Kowa ya ji abin da ya ce masa: "Je ka, Allah ya sa kada ka dawo da ƙafarka." Da azahar samari suka kama shi, suka fasa masa leɓe, suka kulle shi a ɗakin da Malam ke ajiye alluna da tabarmi.

Ba son Muntari ne ya sa su gaggawa ba. Rabin unguwar ba takardu, kuma magana ta bazu cewa in bincike ya yi tsawo za a shigo gida gida. A ba da mutum ɗaya, sauran su huta. Muhammad Kabir ya faɗi haka a fili, cikin tattausar murya, ya ce shi da kansa zai kai Khamisu buro ranar Alhamis bayan la'asar.

Malam ya aika a kira Dabo. Shekarar Dabo sittin da bakwai. Cikin Abzinawa ya tashi a Ayar, yana bin sawun raƙuman da aka sace, yanzu kuwa gadi yake a wata ma'ajiyar siminti.

"Kwana ɗaya ke gare ni," in ji Malam. "In Khamisu ne, in miƙa shi da zuciya ɗaya. In ba shi ba ne, ba na son mu haɗu gobe kiyama."

"Allah gafarta Malam, an tattake wurin?"

"Jandarma sun taka, mai awaki ta taka, awakinta sun taka."

"Awaki ba su ɓata sawu," in ji Dabo. Ya ɗauki sandarsa.

*

Wani kamiyo, babbar motar ɗaukar yashi, ya sauke shi a bakin ƙoramar, rana ta fara karkata. Bai nufi inda aka sami gawar ba. Ya bi gefen kwalta ya yi arewa, har ya kai inda wata mota ta sauka daga titi.

Ba motar daji ba ce. Gajeruwa ce, tayoyinta masu faɗi, cikinta ya kankare tudun yashin da ke bakin hanya. Daga arewa ta zo, gari kuma ta nufa da ta tashi. Mutum ɗaya ne ya fito daga cikinta, da rufaffen takalmi, ƙafarsa ƙarama. Ya zagaya bayan motar, daga nan ya yi tafiya da baya, dugadugansa na nutsewa, yana jan wani abu mai nauyi da ya bar layi biyu a ƙasa. Babu alamar kokawa. Jinin ma kaɗan ne, wanda ke nuna a wani wuri aka ji raunin.

Dabo ya tsinke wani zare daga gefen rawaninsa, ya auna sawun takalmin, ya ƙulla.

Akwai sawu na uku, wanda ba na ƙafa ba. Ya bi shi a hankali, yana ƙirgawa. Ya koma ya sake ƙirgawa. Sannan ya juya baya ya tofar da yawu, ya hau titi yana jiran mota.

*

Khamisu na zaune tsakanin alluna, leɓensa a kumbure. Ƙafarsa Dabo ya fara dubawa. Babba ce, ta yi kaushi, cikin silifa na roba.

"Ka iya mota?"

"Baba, ko keke sai an riƙe mini."

"Me ya haɗa ku da marigayi?"

"Aiki. An ba shi na kwana uku a wajen gari. Na ce ya sa ni ciki, ya ce maigidan mutum ɗaya yake so, kuma ya hana a faɗi sunansa. Shekara biyu muna cin tukunya ɗaya, Baba, ni zai ɓoye wa suna?"

"Sai ka yi masa baki."

"Sai na yi masa baki." Khamisu ya sunkuyar da kai. "Ya yi dariya ma. Ya ce in ajiye masa shayi."

"Ranar Talata ina kake?"

"Fasa dutse a bayan gari, ni kaɗai."

"Wa ya gan ka?"

"Dutsen."

Wani daga cikin samarin da ke tsaron ƙofa ya yi tsaki. Khamisu ya ɗago.

"Baba, in suka kai ni buro, me za a yi mini?"

"In sun yarda kai ne, ba za ka sake ganin Kance da ƙuruciyarka ba."

"In ba su yarda ba fa?"

"Su kai ka bakin iyaka, ka taka sauran da silifan nan."

*

Alhamis da safe Dabo ya je wurin Rakiyatu, yayar Muntari, mai sayar wa leburori shinkafa da wake. Tukwanenta a kife suke. Mata sun cika tsakar gidan, suna zancen Khamisu, wata na cewa tun ranar da ta fara ganin idonsa ta san ba zai ƙare da kyau ba.

Rakiyatu ta fito zaure ta durƙusa. Bayan gaisuwa da addu'a, Dabo ya ce, "Ɗiyata, ina ƙanenki ya ce miki zai tafi?"

Ta dube shi.

"Tun jiya mutum ya fi ɗari sun shigo gidan nan. Kai ne na farko da ya tambaya."

"To na tambaya."

"Tazrouk. Ya kira ni ranar Litinin. Ya ce yana bisa soron wani gidan lambu, yana ɗora katanga, shi kaɗai, mai gidan yana arewa. Ya ce sanyi ake can kamar ba bazara ba. Ya ce zai zo mini da ɓaure."

"Ya zo da shi. Guda shida, yana hannun jandarma."

Ta rufe bakinta da gefen mayafi, ta daɗe a haka.

"Wa ya kai shi?"

"Bai faɗa ba. Ya ce dai namu ne, kuma ranar Talata zai zo ya duba aikin ya dawo da shi."

"Khamisu fa?"

"Ni ban ce shi ne ba, Baba. Su ne suka ce. Ni dai na san duk ranar da Muntari bai sami aiki ba, Khamisu ke raba kwanonsa biyu."

*

Cikin masu ɗaukar Hausawa aiki a Sersouf, gajeruwar mota mai faɗin taya guda ɗaya ce, fara, ta Muhammad Kabir. Dabo ya same shi a ƙofar gidansa, cikin farar jallabiya da buɗaɗɗen takalmi sabo. Ya sa aka kawo shayi.

"Baba Dabo, an ce kana ta wahala cikin rana. Allah ya saka. Amma abin a fili yake."

"Ka san marigayi?"

"Na ɗauke shi aiki sau biyu bara. Mai hankali ne. Jiya da na ga fuskarsa a asibiti, abinci bai shiga cikina ba."

"Kana da aiki a Tazrouk?"

"Tazrouk? Me zai kai ni can? Awa huɗu cikin duwatsu."

"Ranar Talata ina ka yini?"

Muhammad Kabir ya yi dariya, ya bugi cinyarsa.

"Har ni, Baba? To madalla, haka ake aiki. Silet na je duba wata rijiya. Ai duk unguwa sun gani. Au, na manta wayarka ta latsawa ce."

Ya zaro tasa ya kunna. Ɗabi'arsa ce da kowa ya sani: duk inda ya je sai ya tsaya a cikin mota ya ɗauki kansa a bidiyo, ya tura wa rukunin 'yan unguwa na waya. A wannan, ƙira'a na tashi da ƙarfi daga rediyo. Fuskarsa ta cika hoton, yana cewa, "Jama'ar Sersouf, ga mu a Silet, zafi kamar bakin tanda, ku sa mu a addu'a." Daga nan ya juya wayar ta haska sitiyari da agogunan mota, agogon lokaci na nuna ƙarfe ɗaya da minti goma. An rufe gilashin gaba da kwali saboda rana. Ba a ganin komai na waje.

"Ka gani?"

"Na gani. Ina motar?"

"Tana garajin Abdurrahman. Hanyar Silet ta cinye mini robar ƙasa." Ya rage murya. "Tun da ka ambaci mota, akwai wata baƙa irin tawa a garajin. An ce an ga Abdurrahman da ita a hanyar arewa ranar Talata da yamma. Ni ban ce komai ba. Mutum ne mai iyali."

Dabo ya ajiye kofin shayin, bai kai rabi ba.

A hanya ya jera abin da ke hannunsa. Hanyar Silet da ta Tazrouk tare suke fita daga gari, sai a Tit suke rabuwa, kuma ƙoramar tana kafin Tit. Wanda ya dawo daga Silet ya wuce ta wurin, amma babu abin da ya haɗa shi da Muntari. Wanda ya dawo daga Tazrouk shi ne ya ɗauko shi. Yashi ya gaya masa motar daga arewa ta zo. Bai gaya masa daga wane gari ba.

*

Abdurrahman mutumin Maraɗi ne, ƙato, ƙafarsa ta kusa biyun zaren da ke aljihun Dabo. Da Dabo ya same shi a garaji, bai musa komai ba.

"Na fita da baƙar, har Tit na kai. Na gyara mata birki, in ban gwada ba mai ita zan bari ya gwada da ransa? Wa ya ce maka? A'a, bari, na san wanda ya ce."

Dabo ya durƙusa ya duba tayoyin motocin biyu. Zane ɗaya ne.

"Ni na sa musu su, rana ɗaya," in ji Abdurrahman. "Akwai wasu goma a garin nan da irinsu."

Farar motar a wanke take ciki da waje, warin jabel, ruwan wankin nan mai cin launi, na fita daga ƙofar da aka bari a buɗe. A gefen sitiyari, jikin ƙarfen gilashi, an ɗaura wani ƙaramin agogo mai lambobi. An ɗaure masa jan ƙyalle.

"Wannan fa?"

Abdurrahman ya yi tsaki.

"Alama ce Muhammad Kabir ya sa mini, wai kada in manta. Karo na huɗu ke nan. Ya ce agogon turbo ya lalace, iska na zurarewa. Zo ka gani, Baba, kai ko ba ka san mota ba za ka riga shi ganewa."

Ya shiga ya murɗa makulli rabi, bai tayar da inji ba. Agogon ya kawo wuta, ya nuna lamba sha biyar, da ɗan layi a gabanta.

"Layin nan yana nufin ƙasan sifili. Shi agogon, iskar da ke shiga inji yake aunawa. Duba." Ya tayar da inji, lambar ta faɗi zuwa sittin da biyar. "Yanzu zuƙa yake, kamar ɗan akuya a nono. In kana gudu ka taka, turbo ya turo iska, sai ta haye saman sifili. Wannan ɓangaren kaɗai maigida ya sani, shi yake nuna wa mutane." Ya kashe inji, ya sake murɗa makulli rabi. Sha biyar ta dawo. "Yanzu ba zuƙa ba turi. Iskar Allah ta wurin da kake tsaye yake aunawa. A Wahran ya sayo motar, bakin teku, can a sifili take zama. Mu nan bisa tudu muke, iska ba ta da nauyi, sai ta zauna sha biyar a ƙasa. Sau huɗu ina yi masa wannan bayani. Ya ce in daina yi masa lekkol, wai shi ba ɗan makaranta ba ne, in canza tiyo. Ba ya jin maganar wanda hannunsa ke da baƙin mai."

Dabo ya tsura wa lambar ido. Ya tuna raƙuma a hawan dutsen Bagzam, yadda suke haki ba tare da sun yi gudu ba, da yadda ƙirjinsa ke neman iskar da babu.

"In an hau dutse, sai ta ƙara sauka."

"Ka gani? Minti ɗaya ka gane."

"In an gangara Silet fa?"

"Takwas, ko tara. Na taɓa zuwa can in tayar masa da ita."

"Tazrouk?"

"Ban je da ita ba. Amma Tazrouk ta ɗara mu tsawo sosai. Ashirin da wani abu."

"Zafi ko hadari ba su canza ta?"

"Ɗaya, ko biyu in ya yi yawa."

"Kana cikin rukunin 'yan unguwa?"

"Wa ya isa ya fita? Kullum sai mun ga fuskarsa."

"Buɗe mini na ranar Talata. In ya juya wayar, ka tsayar."

Abdurrahman ya buɗe, ya tsayar, ya ware hoton da yatsu biyu. Ya kai shi kusa da idonsa.

"Allurar inji a kwance take. A kashe yake, rediyo kawai ya bari." Ya ƙara ware hoton. "Ashirin da ɗaya."

Ya ajiye wayar bisa murfin inji, ya ɗauki tsumma yana goge hannunsa, ya daɗe yana gogewa.

"Baba, da safen nan ni na cire shimfiɗar but ɗin motar nan na jefa a bola. A jiƙe take. Ya ce rago ya yanko a Silet."

"Je ka ɗauko ta. Sannan ka nemo mini wani tsohon hoton, wanda ya ɗauka a Silet da gaske."

*

Bayan la'asar mutum kusan arba'in suka cika farfajiyar makarantar. Mata na bakin ƙofar ciki, Rakiyatu a gabansu. An fito da Khamisu, hannunsa ɗaure da rawani. Abdurrahman ya kawo farar motar ya ajiye a ƙofa, domin da ita Muhammad Kabir ya ce zai kai Khamisu buro.

"Malam, lokaci na tafiya," in ji Muhammad Kabir. "Suna rufewa ƙarfe biyar."

"Dabo zai yi magana tukuna."

Dabo ya faɗi abin da ya gani a ƙorama: mota ɗaya, mutum ɗaya, babu kokawa. Ya fito da zaren, ya gwada a ƙafar Khamisu, ya gwada a ta Abdurrahman. Duka biyun sun zarce ƙullin da nisa. Ya juya wajen Muhammad Kabir.

"Baba, rabin garin nan lamba arba'in suke sawa."

"Gaskiya ne. Shi ya sa ba zan wahalar da kai ba." Ya mayar da zaren aljihu. "Marigayi a Tazrouk yake aiki, ya faɗa wa yayarsa. Wanda ya kai shi ya ce zai dawo da shi ranar Talata. Kai ka ce Silet ka yini."

"Kowa nan ya gani da idonsa."

"Fuskarka suka gani. Allah gafarta Malam, a daure a taka zuwa ƙofa."

Malam ya tashi, jama'a suka biyo shi. Abdurrahman ya murɗa makulli rabi, ya maimaita bayaninsa a taƙaice. Malam ya sa tabarau ya sunkuya.

"Sha biyar."

"Wannan nan ke nan, Sersouf," in ji Dabo. "Nuna masa na watan azumi."

A wannan hoton Muhammad Kabir bai rufe gilashi ba. Ana ganin dabinon Silet da masallacinta a gaban motar. Abdurrahman ya tsayar, ya ware.

"Takwas," in ji Malam.

"Na ranar Talata."

Malam ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.

"Ashirin da ɗaya."

Mutane suka fara zaro wayoyinsu. Hoton na hannun kowa, shi ya tura musu da kansa.

"Agogon ya lalace," in ji Muhammad Kabir. "Abdurrahman shaida ne, sau nawa ina kawo masa?"

"Sau huɗu," in ji Abdurrahman. "Sau huɗu ina ce maka lafiyarsa lau."

"Silet awa biyu ce," in ji Dabo. "Mu shiga, ni da kai da Malam. In muka kashe inji a gindin dabinon nan ta nuna ashirin da ɗaya, ni zan shiga buro a madadin Khamisu. In ba ka son Silet, gobe mu hau Tazrouk. Gidan lambun da aka bar katangar soronsa rabi ba zai yi wuyar samu ba."

Abdurrahman ya buɗe but, ya fito da shimfiɗar da ya tsamo daga bola, ya baje ta a ƙasa. Jabel ya cinye launinta a tsakiya, amma bai kai gefe ba. Waɗanda ke gaba suka ja baya.

Muhammad Kabir ya dubi shimfiɗar, ya dubi Malam. Da ya buɗe baki, da muryar da yake tafinta a buro ya yi magana.

"Faɗowa ya yi daga soro. Ban taɓa shi ba, Allah shi ne shaida. Ina ƙasa ina duba bulo, sai ji na yi ya faɗo. Malam, ka duba lamarin. Akwai shingen jandarma a bakin gari. In shigo da mutum ba takardu, jina-jina, a motata? Shekara sha takwas ina gina sunana a garin nan. Kuma ba ni kaɗai ba. Da sun kama ni, da unguwar nan za su zo. Ku ma na rufa wa asiri."

"Ka wuce ɗakin likita biyu kafin shingen," in ji Dabo.

"Za su tambayi takardu."

"Lokacin da ka ɗauki hoton nan, yana ina?"

Dabo ya amsa da kansa.

"Yana cikin but. Shi ya sa ka bar makulli a buɗe, ka ƙure ƙira'a, don kada mu ji shi."

Malam ya dafa murfin motar. Wani dattijo ya fara salati a hankali.

"Ya riga ya cika kafin mu kai Tit," in ji Muhammad Kabir. "Na duba shi. Gawa na ajiye."

"Gawa ba ta jan ciki. Daga inda ka ajiye shi zuwa inda mai awaki ta same shi, taku goma sha ɗaya ne. Da gwiwar hannu ya yi su. Sau biyu na ƙirga."

Samarin suka taso. Su ne dai na jiya, har da wanda ya yi tsaki a ƙofa, yanzu da guntun bulo a hannunsa. Dabo ya gitta sandarsa a gabansu.

"Ku koma. Jiya kun fasa wa wancan baki, yau kuna neman na wannan. Ba don Muntari kuka yi na jiya ba, na yau ma ba don shi ba ne. Cikinku babu wanda ya je ya tambayi yayarsa ina ya tafi."

Suka tsaya. Bulon ya faɗi ƙasa.

Malam ya kwance wa Khamisu hannu da kansa. Babu wanda ya ba shi haƙuri. Mutane suka yi ta kallon wayoyinsu, kamar akwai sauran abin da ba su gani ba. Khamisu ya murza wuyan hannunsa, ya tambayi Malam ko za a bar shi ya shiga cikin masu wanka in an sako gawar. Malam ya ce shi zai fara zuba ruwa.

"Wa zai yi tafinta a buro?" wani ya tambaya daga baya.

"Larabcina ya isa faɗin lamba uku," in ji Dabo.

Aka sa Muhammad Kabir a kujerar baya, Malam a gefensa, shimfiɗar a naɗe a ƙafarsu. Abdurrahman ya zauna a sitiyari. Dabo na shirin shiga gaba Rakiyatu ta iso, ta tsaya jikin ƙofar.

"Baba, takun nan goma sha ɗaya. Ina ya nufa?"

"Akwai inuwar ƙaya a damansa, taku huɗu. Bai nufe ta ba."

"To ina?"

"Sawun motar ya bi."

Ta leƙa kujerar baya. Muhammad Kabir na kallon gwiwoyinsa.

"Ya ɗauka zai dawo," in ji ta.

Dabo ya shiga ya rufe ƙofa. Abdurrahman ya kwance jan ƙyallen daga jikin agogon ya jefar ta taga, ya murɗa makulli. Lambar ta nuna sha biyar, inji ya tashi, ta faɗi sittin da biyar. Dabo ya sauke gilashinsa har ƙasa, saboda warin jabel.